Wayar Kawu Maniru Tana Cikin Akwati

Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Ranar Laraba, 9 ga Agusta, 2023, bayan azahar, Allah ya yi wa kawuna Malam Maniru Sifawa rasuwa a gidansa, bayan zazzaɓin da bai daɗe yana yi ba. An yi masa sutura kafin magariba. Ya bar matarsa Hajjo da 'ya'ya shida, uku ba su balaga ba. Ya kuma bar gidaje da yawa tsakanin Bodinga da Shagari cikin wani tsoro da zan faɗa a fili, ko da dangi za su ce ba ni da kunya.

Kawu, ina yarinya na fara ganinka a saman turken waya a Sakkwato, zamanin Jamhuriya ta Biyu, igiya a ƙugunka, mahaifiyata a ƙasa tana salati tana cewa ƙanenta ya haukace. Da tsuke bakin aljihu ya zo aka sallame ku daga aiki, ka dawo noman albasa ba tare da ka zagi kowa ba. Ni na yi maka zagin, da na girma. Da wayar hannu ta shigo, ka kafa rumfa a bakin tashar Bodinga, ana caji, ana sayen kati. Amma abin da ya tara maka mutane shi ne kana karanta ƙananan rubutun da kamfanonin waya suke fatan kada kowa ya karanta.

Kai ka koya mana cewa abin da suke sayar mana ƙunshi ne, kamar na goro: kira da saƙo da data a ganye ɗaya. Ka ce mai hankali yakan kwance ƙunshi ya duba, don ana cusa ruɓaɓɓe a tsakiya. Ban manta da tsohuwa Inno mai ƙuli-ƙuli ba, wadda ta zo tana rantsuwa aljani ne ke shanye mata kati. Ka duba ka tarar an liƙa wa layinta labarin ƙwallon Turai, kullum ana cira. Ka ce mata, "Inna, ashe ke ma kina cikin 'yan ƙwallo ba ki gaya muna ba?" Ta kai maka duka da mafici. Ka cire mata aljanin, ka ƙi karɓar komai sai ƙuli-ƙuli.

Da daji ya lalace, ka gano wani tsari da wani kamfani ya yi domin ƙungiyoyi. Layi ɗaya ne uwa, sauran 'ya'ya. 'Ya'yan suna kiran juna ba kati, uwar kuma ita ke sabunta ƙunshin kowane wata. Ka mai da layinka uwa. Ka ɗaura masa Zulai unguwarzoma ta Mandera, da direbobin albasa, da makiyaya a Horo Birni, da limamai, da ni mai zuwa Shagari koyarwa kullum da safe. Dokarka ɗaya ce: wanda ya ga baƙin babura, ko ya ga shanu na gudu ba makiyayi, ya kira ka, kai ka kira sauran. Daminar bara ina cikin mota ka kira ni. "Kulu, sauka ki koma gida." Ban tambaye ka dalili ba. Abin da aka ji game da hanyar nan da yamma ba zan rubuta shi a nan ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni yi maka kuka yadda ya kamata.

Ana dawowa daga maƙabarta, yayanka Alhaji Sodangi ya yi abin da ake yi a kowane gidan mutunci. Ya tattara rigunanka da rediyonka da duk abin da ka mallaka, har da wayar, ya kulle a akwatin ƙarfe, ya sa makulli a aljihu. Ba mai taɓa komai sai ranar rabon gado. Rabon kuma sai babban ɗanka Hassan ya samu hutu daga aikin soja a gabas, kuma ba wanda ya san yaushe.

Ranar addu'ar uku muna zaune da Hajjo, ɗaki cike da mata, sai wayar ta fara ƙara a cikin akwati. Kawu, ban taɓa jin ɗaki ya mutu haka ba. Kowa a wurin ya san abin da ke sa a kira wannan lambar. Wata ta ɗora hannu a ka, wata ta fara kiran sunan ɗanta da ya tafi kasuwa. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ta sake. Na aika a kira Alhaji, ya aiko cewa a yi haƙuri. Har yau ba mu san wanda ya kira ba, ba mu san abin da ya gani ba. Washegari cajin ya ƙare, akwatin ya yi shiru, shirun kuma ya fi ƙarar ban tsoro.

Na tafi ofishin kamfanin a Sakkwato. Ma'aikaciyar ta yi mini ta'aziyya da ladabi, sannan ta ce daga uwar layi kaɗai ake sabuntawa, kuma lambar tabbatarwa sim ɗinka ake turawa. In ana son sauya mai layi, sai da takardar kotu. In wata ya ƙare ba a sabunta ba, ƙungiyar ta watse, kuma sun daina buɗe irin wannan tsarin ga sababbi. Na tambaye ta ko wanda ya tsara wannan ya taɓa jin cewa mutane na mutuwa. Ba laifinta ba ne, na ba ta haƙuri. Haushina yana kan waɗanda suka yi wa layi gata suka manta da mai layi.

Daga can na wuce zauren Alhaji, na durƙusa na gaida shi, na yi bayani.

Ya ce, "Ɗiyata, kayan marayu na. Mi kika so in ce ma Allah in an tambaye ni?"

Na ce, "Kawu, Allah shi ba ka haƙuri, in anka tare mota a hanyar Mandera fa, mi za ka ce mai?"

Ya ce, "Karatun boko ya sa bakinki ya yi kaifi. Tashi ki tai."

Ba na zarginsa da mugunta. Tsoron wuta ne ya kama shi, ya ga abin da taɓa kayan mamaci ya yi wa gidaje da yawa. Amma ba boko kaɗai na karanta ba. A zauren mahaifina na yi babin gado, kuma na san amana ba ta shiga rabo. Ƙarfen wayar na marayu ne, ba mai musu. Layin kuwa rijiya ce Kawu Maniru ya haƙa a bakin hanya, ba a rufe rijiya don mai ita ya rasu.

Gero ya yi tsawo yanzu, mutum a kan babur ma ba a hango shi sai ya fito titi. Zulai ta ce mini in aka kira ta haihuwa a wani ƙauye, takan tsaya bakin ƙofa da jakarta ta rasa wa za ta tambaya ko hanya lafiya. Direbobi sun koma tambayar juna a tasha, labarin jiya ake ba su a matsayin na yau. Ni kaina kowace safiya nakan sumbaci autata kamar mai tafiya Makka. In wata ya ƙare, ko junanmu ba za mu iya kira ba sai mai kati, kuma kowa ya san yadda kati ya zama a wannan shekarar.

Allah ya jiƙanka, Kawu Maniru. Allah ya yalwata kabarinka, ya sa tsoron da ka ɗauke wa bayinsa ya zama amincinka ranar firgici babba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hajjo da ke cikin takaba, da Hassan da ƙannensa, da Kawu Sodangi, da mutanen Sifawa, da duk wanda layinsa ke rataye da naka. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya abin da ka bari.

Kawu Sodangi, na san za a karanta maka wannan. Ranar Juma'a bayan an sauko, zan zo da liman da shaidu biyu. A buɗe akwatin a gabansu, a ba ni sim ɗin kaɗai, wayar ta zauna wa marayu. In akwai zunubi a ciki, ga shi na rubuta da hannuna kowa ya gani: na ɗauka, a tambaye ni.

Kulu Malami, Bodinga