Ƙoƙunan Gahawar da Na Ƙi Zubarwa

A zangon Sokode, in aka ce gahawa, ƙofata ake nunawa. Ba yabon kai ba ne, a je a tambaya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ya yi, a hanya ya koyo shanta. Sau ɗaya tak ya nuna mini yadda ake haɗawa, daga ranar bai ƙara taɓa kasko ba, don ya ga na wuce shi. Ɗanyar ƙwaya nake saye wurin matan da ke hawowa da ita daga duwatsun kudu. In zuba a faifai, in tsince tsakuwa da wadda ƙwaro ya ci. In ɗora kaskon ƙasa a kan gawayi, ba itace ba, hayaƙin itace yana shiga jikinta. In yi ta juyawa har ta fara ƙara, ta yi gumi, mai ya fito mata. Nan ake saukewa. In kika tsaya amsa sallama, ta ƙone. Tana da turminta ita kaɗai, ko barkono bai taɓa shiga cikinsa ba. In daka da kimba da kanumfari da 'yar citta, in tankaɗe, in dafa a tukunya. In ta taso sau uku sai in yayyafa ruwan sanyi, garin ya kwanta, in tace da farin ƙyalle. Garin da ya rage ma ba ya zuwa juji, gindin lemun tsakar gida nake zuba shi. Ni ba na zubar da abu. Haka aka haife ni.

Ɗa namiji ɗaya gare ni, kuma shi ne na fari, don haka ba za a ji sunansa a bakina ba. Ya yi lakwal, makarantar boko, har ya ƙare, ya sami aikin biro, wato ofis, a Dapaong. Da matarsa ta haihu, mahaifiyarta ba ta da rai, ni na hau can na yi mata wankan jego. A gidansu na fara ganin mashin ɗin dafa gahawa. Baƙi ne, girmansa bai wuce kan rago ba, yana zaune a kan tebur da igiyarsa a bango. Da safe sai ɗan nawa ya ɗauko wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai sheƙi, kamar murfin kwalba amma ya fi zurfi, an liƙe bakinsa da takardar azurfa, gahawa na ciki. Kapsul suke ce masa. Ya jefa a mashin, ya danna, abu ya yi gurnani, kofi ya cika. Ya zaro ƙoƙon ya wurga a kwandon shara.

Na ce, "Wannan fa?"

"Ya gama aiki, Mma."

"Kofi ɗaya ya gama aiki?"

"Haka aka yi shi."

"Wa ya yi shi haka?"

"Turawa."

"To uwar Baturen ba ta gani ne? Ƙarfe ne fa. Ko lanƙwashewa bai yi ba."

Ya yi dariya, ya ce in bar kwandon shara ya huta. Ya miƙo mini kofin, na kurɓa, na ce masa ruwan wankin kaskona ya fi wannan ƙarfi. Matarsa ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki. Shi kuwa ya ce ai ba kowa ke da rabin yini na suya da daka ba, shi ƙarfe bakwai yake biro.

Maganar nan ta zauna mini. Kullum in ya fita sai in tsince ƙoƙunan, in ɓare bakin, in kaɗe garin, in wanke, in shanya a bayan ɗaki. Shi yana shan uku a yini, abokansa 'yan barka su ma suna sha. Kafin a yi arba'in sun cika leda. Na cusa ta a ƙasan kayana na sauko Sokode.

Da farko ban san abin da zan yi da su ba. Na ce ko awon gishiri. Wata rana ina daka sai dabara ta zo mini: me zai hana in ɗura tawa a ciki? Na ƙara soya ƙwayar ta yi baƙi sosai, na daka ta yi laushi, na riƙa ɗurawa ina dannawa da gindin cokali. Takardar azurfar da ke bakin gwangwanin madara na tara, na yanka ƙanana, na rufe kowanne na naɗe gefen da farce. Suka yi kyau kamar daga kanti. Na jera su a babban tire, na rufe da zane, na tura ƙarƙashin gado don kada rana ta sha musu ƙamshi. Nufina in ɗan nawa ya zo in ba shi, ya sa a mashin ɗin nasa, ya ji da bakinsa wa ya iya.

Sai gari ya ɗauki zafi. Matasa suka fito suna cewa mulki ya daɗe a hannu ɗaya. Aka yi ta ƙona taya a babban titi, aka yi ta harba hayaƙin nan mai sa hawaye, kasuwa ta rufe, waya ta riƙa ɗaukewa kwana da kwanaki. Maƙwabta da yawa suka kwashe yara suka shiga daji. Duk lokacin da layi ya dawo sai ya kira.

"Mma, ki hawo wurinmu. Nan da sauƙi."

"A gidan nan aka binne cibiyarka. Ba inda za ni."

"To zan zo in ɗauke ki."

"Ka zo ka ga ko ni buhu ce."

Ya zo. Da la'asar ya iso, muka yi ta ja har magariba, na ce to, bari a kwana, gobe in haɗa kaya.

Washegari da hantsi ina ɗaure ƙunshi muka ji ana dukan ƙyamare tun daga bakin layi. Sojoji ne, gida gida, duk namiji mai jini a jika suna fito da shi. Su biyar suka shigo mana. Ɗan nan bai ruɗe ba. Ya zaro katinsa na aiki ya miƙa wa babbansu, ya yi masa bayani da Faransanci, cewa shi ma'aikaci ne a Dapaong, jiya ya zo ɗaukar uwarsa. Mutumin ya duba katin, ya dube shi, ya mayar masa. Wallahi na ga ya mayar masa. Har ya juya zai fita.

Sai wanda ya shiga ɗakina ya fito da tiren a hannu, ya yaye zanen.

Suka tsaya a kai. Ƙananan ƙarafa jere, kowanne a liƙe. Babban ya ɗauki ɗaya ya huda da babban yatsa, baƙin gari ya zubo masa a tafi. A ƙasarmu maharba haka suke ɗura albarushi, a auna a ɗan abu a toshe, kowa ya sani. Ya dube ni, da Hausarsa ta barikin soja ya ce, "Tsohuwa, kai ne ya yi wannan?"

"Ni na yi. Gahawa ce. Kafe. Shinshina ka ji."

Wani siriri a cikinsu ya kai hanci, ya ce wa babban, "Shef, kafe ne." Babban bai ko kalle shi ba. Ya ce a ina aka taɓa ɗura kafe a kwanso? Na ce na mashin ne. Ya ce ina mashin ɗin? Na ce yana Dapaong. Suka yi dariya. Na damƙi garin daga tafin hannunsa na watsa a bakina, na haɗiye a gabansu, na ce albarushi ake ci haka? Ɗaya ya ture ni na faɗi a kan turmi. Ɗan nan ya zabura zai ɗaga ni, shi ke nan, suka ce ya kai wa soja hannu. Da gindin bindiga suka kai shi ƙasa. Suka ja shi waje, ɗaya yana biye da tiren a kai kamar mai talla.

Kwana biyu ina zuwa ƙofar barikin, ana kora ta. A na uku na ce, mashin suka tambaya, to mashin zan kawo. Na sami motar arewa. Hanyar da na saba yi ina gyangyaɗi, ranar ido biyu na yi ta, shinge bayan shinge, a sauke mu, a duba, a mayar. A Bombouaka mota ta tsaya shan ruwa, wata mai ƙosai ta ce mini, "Hajiya, bakinki ya yi baƙi." Kwana uku ban lura ba, ban ci komai ba bayan garin nan.

Surukata ta buɗe ƙofa da jariri a baya. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa. Na gaya mata duka, ban rage ba, har da cewa an mayar masa da katinsa kafin a ga tiren. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta shiga ta zare igiyar daga bango, ta naɗe mashin ɗin a zanenta, ta sa a roba, ta ɗora mini a kai. Abin da ta ce kawai, "Inna, ki dawo mini da shi." Ba mashin take nufi ba.

Na koma ƙofar barikin na zauna da roba a gabana, daga safe zuwa la'asar, kwana huɗu. A na huɗu siririn nan da ya shinshina ya zo gadi, ya gane ni. Ya shiga, ya daɗe, ya fito ya ce in biyo shi.

Wani biro ne mai fanka. Babba ne a zaune, ba wanda ya zo gidana ba, wanda ya fi shi. Tirena na kan kabad. Yana ganin mashin ya san shi, har ya faɗi sunansa. Da kansa ya zuba ruwa, ya sa igiya, ya ɗauki ɗaya daga ƙoƙunana ya jefa, ya danna. Abu ya yi gurnani. Ni ban taɓa gwadawa ba, ban san ko zai karɓa ba. Sai ga ta tana zubowa, baƙa, da kumfa a kai, ƙamshin kimba ya cika ɗakin.

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A wannan lokacin, ɗana yana wani ɗaki a bayan bangon nan ban san halin da yake ciki ba, raina ya yi fari. Na ji daɗi ta fito. Daɗin bai kai ƙiftawar ido ba, amma na ji shi, kuma Allah ya gani.

Ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya ce, "Mama, wannan ya fi na Lome."

Na ce, "To ka gani. A ba ni ɗana."

Ya ce ai an riga an rubuta takarda, takarda kuwa ta tafi sama, sai ta dawo. Ya ce kimbar ta ɗan yi yawa, in zan kawo na gaba in rage.

Na gaba. Haka ya ce. Mashin ya zauna a biron. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nake zuwa, siririn ya miƙo mini ledar ƙoƙunan da aka shanye, in miƙa masa cikakku. In koma gida in wanke, in soya, in daka, in ɗura. Na rage kimbar. Ina ɗurawa ina tunanin abubuwan da ake iya haɗawa da baƙin gari ba a ji ɗanɗanonsu ba, na san biyu ko uku. Amma ɗana na hannunsu, don haka mafi kyawun ƙwaya nake zaɓa masa, ina tsince ta ɗaya ɗaya. Tuwon da nake kaiwa tare, ban san ko yana isa ga ɗan nan ba. Ba su taɓa bari na gan shi ba. In na tambayi takarda, sai a ce tana hanya.

Juma'a ta shida na zo da ledata, sai na tarar da mata cike a ƙofa, wai za a saki wasu. Ba wanda ya karanta takarda, ba wanda ya ce an yi kuskure. Aka buɗe ƙaramar ƙofa suka riƙa fitowa ɗaya ɗaya, ba takalmi. Shi ne na tara ko na goma. Rigar da ya zo da ita ce a jikinsa, ta yi masa yawa. Na ajiye ledar a ƙasa, na matsa kusa da shi ta hagu, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi, na kira sunansa. Bai juyo ba. Na sake kira da ƙarfi, mutane suna kallona. Yana ta duban titi yana nemana a cikin matan can.

Sai da na kama hannunsa ya waiwayo. Ya ce, "Mma, ki zagayo ta nan. Wannan kunnen ya tafi."

Na zagaya ta dama. Muka kama hanyar zango a ƙafa, a hankali, don dukan da ya sha ya sa ba ya iya hawa babur.