Rumbun da Ke Cikin Talabijin

Ƙarar kaset ɗin nake fara tunawa, wata tsuwwa kamar kukan gyare, kafin fuskar talabijin ta yi haske. A kaset muke adana aikinmu. Kwamfutar ƙarama ce da ake haɗawa da talabijin, wani malamin mishan ya bar wa makarantarmu da ke wajen Malumfashi, aka damƙa mini ita saboda ni ke koyar da lissafi.

A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta bushe tsaye. Ni kuwa ina koya wa yara yadda za su ba wa na'ura umarni ta zana gida da fararen layuka, mai tsawo da faɗi da zurfi, har mutum ya danna maɓalli ya ga kamar yana ratsa zaure. Na ce kowa ya gina gidansu, ya ɓoye wani abu a ciki, abokansa su nemo.

Wata yarinya mai shiru-shiru ta fi kowa. Ta gina rumbun babanta har da tsani. In ka hau ka leƙa, sai baƙin fili.

Na ce, "Ina abin da za a nemo? Kawo mu zana dammunan dawa."

Ta ce, "Haka yake, Malama."

Na ɗauka ba ta gama ba ne. A garin Funtuwa na tashi, a mudu muke sayen hatsi. Ban san cewa a ƙauyensu maigida kaɗai ke leƙa rumbu ba, daga mata har yara ba mai sanin abin da ya rage.

Ranar taron iyaye aka tayar da janareta, aji ya cika. Babanta na zaune a gaba, an ba shi maɓalli yana dariya.

"Kai, ga zaurenka nan!" in ji wani maƙwabcinsa. "Har da karkacewar! Hau rumbun mana mu ga arziki."

Ya hau. Ya daɗe yana kallon baƙin filin nan, sannan ya juyo ga 'yarsa.

"Yaushe kika hau?"

"Ran da ka tafi kasuwar Danja, Baba."

Ya ajiye maɓallin a hankali, ya kama hannunta suka fita, uwar na biye da goyo. Ba ta sake dawowa aji ba. Kafin tsakiyar rani gidan ya tashi gaba ɗaya, aka ce sun yi kudu.

Sai bayan shekaru wata gwaggonta ta gaya mini a motar Funtuwa. Ashe tun bayan girbi yake karɓo dami ɗaya-ɗaya a wurin wansa, ya jefa cikin rumbun a ɓoye, da safe ya hau tsani ya sauko da shi a gaban iyalinsa. Matarsa ma a talabijin ɗina ta fara ganin cewa ba komai a rumbun.