Carbin Baba Lin

Baba Lin mutumin Sin ne, mai gyaran agogo a wani ɗan shago kusa da gidanmu a unguwar Manfuha da ke Riyadh. Na daɗe ina zaton Musulmi ne, don kullum da carbi a hannunsa. Ashe ɗan Katolika ne.

Da na tambaye shi, sai ya ce a ƙauyensu gwamnatin kwaminis ce take amincewa da limamin coci kafin a bi shi. Kakarsa ta ce ba da ita ba, ta riƙa tara jikokinta a kicin suna addu'a. Ita ce ma ta cire gicciyen da ke jikin carbin, don in jami'ai suka shigo su ɗauka abin wuya ne.

Na ce, "To Baba, nan Riyadh da babu coci fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Amma akwai kicin, ko?"

Rannan carbina ya tsinke, na kai masa gyara. Bayan sallar la'asar na fara ja, sai na ji yatsana yana cin karo da ƙulli bayan kowane goma. Irin nasu ya jera mini! Na koma shagon ina faɗa: "Haba Baba! Namu talatin da uku-uku ake yi!"

Ya karɓa yana ba ni haƙuri, ya kwance zaren, sannan ya ce, "Malam Ghazali, yi wa hannun nan uzuri. Gwamnati guda ta kasa hana shi ƙirga goma."