Direban da Ba Ya Tsayawa

Bana shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar yayana Sule, direban wani babban sakatare a nan Kaduna. A Kurmin Mashi muke zaune lokacin, ɗakinsa na kallon nawa.

Yaya Sule yana da ƙa'ida: ranar tafiya ba ya shan ruwa. A ganinsa abin kunya ne direba ya tsayar da mota a Rigachikun ya zagaya, maigida na zaune a baya yana jira. Sai goro, sai ƙwayoyin ciwon jiki da yake saye a tebur yana afawa safe da yamma. In na yi magana ya ce, "Kai ɗan boko, kana zaune ƙarƙashin fanka, me ka sani?"

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙafafunsa suka soma kumbura, har takalmin aiki ya daina shiga. Likitan da ya duba shi ya zargi ƙwayoyin da ƙishirwar, ya kuma faɗa mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye: ƙodarsa ce ta lalace. Ƙoda in ta ji rauni tabo take yi, kamar fata, tabo kuwa ba ya tace jini. Ɓangaren da ya rage sai ya ɗauki aikin duka, ya galabaita, shi ma ya koma tabo. Kuma ba ta nuna ciwo da wuri, shi ya sa mai ita ba ya ankara. Yaya ya gama saurare ya ce, "To likita, yaushe zan koma aiki?" Bai koma ba.

Da zai dawo yau, da ya ga ruwan leda a kowace mararraba, ya ji ana zancen injin wankin ƙoda. Na san sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ashe har ita ana kai ta wanki. Amma da zai leƙa tashar Mando ya ga direbobi suna kora irin ƙwayoyinsa da shayi, ban san me zai ce musu ba.

Motar ba tasa ba ce, gidan na haya ne. Abin da ya bari yabo ne. Ranar sadakar uku maigidansa ya zo ta'aziyya, ya ce duk shekarun da Sule ya tuƙa shi, bai taɓa tsayar da shi a hanya ba. Jama'a suka ce Allah ya jiƙansa. 'Ya'yan Sule har yau suna maimaita maganar da alfahari. Ni dai in sun fara, tashi nake yi in ba su wuri, don ni na goya shi na shigar da shi asibiti.