Ranar da Aka Kaɗa wa Yaya Takensa

Ni tun asali ba na saurin yarda da mutum. Inna takan ce ko gaishe ni aka yi sai na juya gaisuwar na duba bayanta. A zancen Yayana kuwa wannan hali nawa ya sami abin yi, don tsakanin Kankiya da Kusada babu wanda ban zarga ba.

Gidanmu gidan fawa ne, kuma a wancan zamani ba a raba ɗan mahauci da dambe. Yaya ya fara ɗaure hannu tun wajen samun mulkin kai. Ni makaranta aka kai ni, har na zama malamin firamare a Kusada, shi ya sa Yaya yake ce min Malam don tsokana. Shi kuwa da an gama girbi sai ya bar wa Kawu teburin nama, ya bi fage fage. Bahago ne, kuma ba ya kare kansa. Abin alfaharinsa ke nan, ya tsaya a kai masa naushi uku a ka kafin ya kai ɗaya. An sha sumar da shi. Al'adar ita ce a kwara wa mutum ruwan randa, a hura masa kunne, ya miƙe. Kuma lalle ya koma fage kafin kasuwa ta zagayo, wai don kada tsoro ya kwanta masa a ciki.

A shekarun da naira ta shigo, ƴan kwangila suka cika gari, muka fara ganin wani abu. Hannun da ke yanka nama kamar an auna ya soma rawa. Maganarsa ta yi nauyi, har wani ya ja ni gefe ya tambaye ni ko Yaya ya fara shaye-shaye, na kusa marinsa. Wata rana a sallar azahar ya ɗago daga sujada ya zauna yana dube-dube, ya rasa abin da ke biye. Matarsa ta gaya min yakan tayar da faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, in ya huce kuma ya zauna yana hawaye.

A gida an riga an yanke hukunci: sammu ne. An ma san mai shi, wani ɗan damben Yashe da suka yi shekaru suna karawa, wanda ya sumar da Yaya a haɗuwarsu ta ƙarshe. Ni na fi su nisa. Na ce akwai ƙarfe a cikin zaren da mutumin ya naɗe hannunsa da shi. Na zargi wanda ya ɗaure masa, na zargi sarkin dambe da ya duba hannun ya yi shiru. Matar Yaya ma, baiwar Allah, sai da na riƙa yi wa tuwonta kallon tuhuma. Har yau ina jin kunyar wannan.

Sai Kawu ya dawo daga wurin wani mai magani a Tafashiya da labarin cewa sammun ba zai karye ba sai Yaya ya sake shiga fage da mutumin Yashe, ya sa hannun mutumin ya taɓa ƙasa. Ga kaka ta ƙarato, za a yi dambe a Kusada. Wannan magani bai kwanta min ba. Na yaudari Yaya da cewa za mu duba wani sa, na kai shi wurin wani dattijon ma'aikacin asibiti a Kankiya. Ya tambayi Yaya sau nawa ya taɓa suma a fage. Yaya ya yi dariya, ni kuma na kasa ƙirgawa. Dattijon ya ce min ƙwaƙwalwa a cikin kai kamar fura ce a cikin gora, kowane naushi girgiza ta yake yi. Abin da ya lalace ba ya dawowa, kuma naushi ɗaya nan gaba zai iya ƙarasa shi. Na yi godiya na fito, amma shi ma ban yarda da shi ba. Na ce a raina irin ƴan bokon nan ne masu raina dambe, na manta ni ma ɗan bokon ne.

Ran Asabar na hau kekena na nufi Yashe. So nake in ga mutumin ido da ido, in ji me muka tare masa. Aka nuna min gidan. Na tarar da shi a bakin zaure, zaune kan buhu, da ludayi a hannu. Kafin ludayin ya kai bakinsa rabin kunun ya zube a riga. Wansa, wani dogon manomi, ya fito ya amsa sallamata, da na faɗi daga inda nake sai ya ɗaure fuska.

"Kai ne ƙanen bahagon nan na Kankiya? Ka zo ganin aikinku ke nan? Tun bara waccan muke neman maƙarin abin da kuka yi mashi."

Ashe yadda muke kwana da su a baki, haka suke kwana da mu. Na durƙusa na gaida ɗan damben, na ambaci Yaya. Ya yi min murmushi ya tambaye ni ko dawa ta yi kyau wajenmu. Kafin in tashi sau uku ya yi min wannan tambaya.

Na koma na kwashe komai na gaya wa Kawu, ina tsammanin magana ta ƙare. Ina! Ya ce ai mai magani ya faɗa, ko wani daga ɓangarensu ya wadatar, kuma akwai wani matashi da mutumin Yashe ya koyar, shi zai fito. Wato Yaya mai jan ƙafa zai tsaya gaban ƙato mai jini a jika. Tsoro ya kama ni sosai.

Na san abin da zai tayar da shi. Kowane ɗan dambe yana da takensa, in makaɗi ya kaɗa masa a kalangu ba ya iya zama, jikinsa ne zai hau tsuma ya miƙe ko bai yi niyya ba. Don haka na je wurin makaɗin na roƙe shi don Allah kada ya taɓa taken Yaya. Ya ce ya ji, amma idonsa na kan fatar da yake ɗaurawa. Na fito na san Kawu ya riga ni zuwa.

Ranar damben na so in ɓoye Yaya a ɗakina na makaranta, Kawu ya riga ya sa shi a mota tun hantsi. Bayan la'asar fage ya cika. Na kutsa na zauna kusa da Yaya, na riƙe gefen rigarsa, ban ma san me zan iya yi ba in ya yunƙura. Yana ɓare gyaɗa, rabi a baki, rabi a ƙasa. Kawu na tsaye bayanmu da zaren ɗauri a hannu. Aka yi wasa biyu. Matashin Yashe ya fito yana zagaya fage, hannu a sama. Sai makaɗin ya juyo ta wajenmu, bai dube ni ba, ya saki taken.

Wurin ya ɗauki ihu, kowa ya juyo yana kallonmu. Na ƙanƙame rigar har yatsuna suka yi ciwo. Yaya ya daina tauna. Ya karkata kai yana saurare, yana gyaɗa shi a hankali. Makaɗin ya matso, ya sake kaɗawa da ƙarfi. Sai Yaya ya taɓo ni da gwiwar hannu.

"Malam, wanga taken wa ne? Da ji ka san namiji ne. Mi ya hana shi hitowa?"

Na waiga. Kawu ya ji, don na ga yana cusa zaren cikin aljihu. Wata guda na yi ina roƙon Allah Yaya ya zauna a ranar nan, ga shi kuwa ya zauna, amma ban ji daɗin komai ba, baƙin ciki ne ya cika ni. Yana ta kallona yana jiran amsa. Na ce masa ina jin mai shi bai zo ba, na miƙa masa sauran gyaɗar.