Dutsen da Mama Magdalene ta Sani

Salisu Maiturare mutumin ƙasar Haɗeja ne, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma. Bai taɓa ganin dutsen da ya fi ɗaki tsawo ba sai ran da mota ta kawo shi Abuja, a shekarar 1998, yana da shekara ashirin da biyu. Abokan tafiyarsa suna kallon gine-gine, shi kuwa wuyansa har ya ƙage wajen kallon duwatsu.

Ya fara da yawon tallar turare a akwatin gilashi. Daga baya ya sami ɗan shago a unguwar Dutse Alhaji, ya auri Bara'atu, suka kama hayar ɗaki biyu a gidan wata dattijuwa 'yar Gbagyi, Mama Magdalene. Shekara goma sha tara ke nan suna gidan. Ita ta yi wa 'ya'yansa uku wankan jarirai, shi ne mai kai mata naman Sallah, ita kuma ta aiko da shinkafar Kirsimeti, da kazar da shi da kansa ya yanka mata.

Salisu yana da wata kyamarar ɗaukar hoto, wadda wani malamin makaranta, mai sayen turare a wurinsa, ya bar masa da zai koma garinsu. Tsohuwa ce, tare da ƙafafunta uku da wasu gilasai da ake ɗaura wa idonta don rage haske. Malamin ya koya masa doka ɗaya: kullum rana ta kasance a bayanka. Salisu ya riƙe wannan doka yadda mutanen dauri suke riƙe abin da malami ya faɗa, ba tambaya.

Bai taɓa ɗaukar biki ko suna ba. Duwatsu kawai yake ɗauka, kuma da yamma, lokacin da haske ya yi laushi. A irin wannan lokaci sai an bar idon kyamara a buɗe na mintuna, kada kowa ya taɓa ta. Salisu ba ya duba agogo. Yakan buɗe ta, ya shimfiɗa darduma ya yi Magariba, in ya sallame ya rufe. Ya gwada ya gani, sallarsa minti biyar ce, ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa.

Rilwanu mai gyaran waya, maƙwabcinsa a kasuwa, ba ya barin sa ya wuce.

"Oga Maiturare, yau dutsen ya yi maka murmushi kuwa?"

"Ya fi ka haƙuri dai. Kai ko minti ɗaya ba ka iya tsayawa wuri guda."

A daminar bara idanun Mama Magdalene suka fara dushewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma tafiya yake yi. Ba ta yi kuka ba. Wata rana dai tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ce wa Salisu:

"Ɗana, kai da kake bin duwatsu, ka san wanda ke bayan Gwarinpa, mai tsagi a kai? A gindinsa aka haife ni. Tun da aka tashe mu don gina Abuja ban koma ba. Ina so in gan shi kafin fitilar nan ta mutu."

Ƙafafunta ba sa kai ta ko bakin titi, balle hawa da gangara. Hoto ne kaɗai hanya.

Salisu ya san dutsen sarai. Ya tafi ya tsaya ta yamma da shi, rana a bayansa, hasken ya zuba a jikin dutsen ja wur kamar an shafa masa manja. Ya wanko hoton babba, ya kawo yana jin daɗi. Ta kai shi kusa da fuska, ta juya, ta daɗe. Sannan ta miƙa masa.

"Ya yi kyau. Na wace ƙasa ne?"

"Haba Mama! Dutsenku ne."

"Namu ba ja ba ne. Baƙi ne. Da yamma rana bayansa take shiga, shi ya tsaya baƙi ƙirin, sama tana ci da wuta a kansa. In hasken ya shigo ta tsagin nan, uwata takan ce a ɗora tukunya. Kai ƙeyarsa ka ɗauko mini."

Sai a lokacin ya gane. Garinsu Mama ta gabas da dutsen yake. Shekara da shekaru yana zagaya dutsen nan, bai taɓa tsayawa ta can da yamma ba, domin mai hoto ba ya fuskantar rana. Gefen da ya guje wa, shi ne wanda ta tashi tana kallo.

Washegari ya rufe shago da La'asar ya hau babur. Ta gabas babu ko alamar gari. Gidaje ne jere, masu dogayen katangu, sai wani fili da aka zuba bulo ba a fara gini ba. Maigadin wurin, wani mutumin Katsina, ya saurari bayaninsa ya ce, "Don tsohuwa ce? Shiga, Malam. Amma kada ka ɗauki gidan Oga."

Aikin ya ba shi wuya. In ya bar haske ya isa dutsen, sama ta ƙone fari fat. In ya gyara sama, dutsen ya zama dunƙulen duhu, babu tsagi babu komai. A cikin jakar malamin akwai wani gilashi da bai taɓa amfani da shi ba, rabinsa na sama mai duhu, na ƙasa garau. Ya ɗaura shi, ya daidaita duhun a kan sama. Ya kuma gano cewa minti biyar ɗinsa sun yi yawa a nan, domin hasken tsagin yana zuwa kafin kiran salla, ba ya kuma wuce ƙiftawa kaɗan. Dole ya tsaya da kansa, yatsa a kan maɓalli.

Yammaci goma sha ɗaya ya yi yana zuwa. Sau huɗu hadari ya rufe rana, sau biyu ruwa ya kore shi. Kullum ya dawo, Mama Magdalene tana bakin ƙofa, ta ji ƙarar babur ta ce, "An samu?" Shi kuwa ya lura ta daina juyowa daidai inda yake tsaye.

Ran tara ga Oktoba, da ƙarfe shida da 'yan mintuna, gajimare ya buɗe ta ƙasa. Rana ta shige bayan dutsen, wani siririn haske ya ratso ta tsagin ya sauka a filin, kusa da ƙafarsa. Ya danna sau uku. Na biyun ne ya yi.

Da ya kawo mata, ganinta ya ragu har ya zama kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Ba ta iya ganin hoton gaba ɗaya. 'Yarta Margaret ta fito da ita tsakar gida, wurin haske, Salisu ya riƙe hoton yana matsar da shi a hankali a gaban idonta na dama, daga ƙasa zuwa sama. Ta yi ta bin sa da ido, har Bara'atu ta fara share ido da bakin mayafi.

"Tsaya," in ji ta.

Ya tsaya. Ta ɗora yatsa a kan tsagin, ta biyo hasken zuwa ƙasa, har gefen takardar, ta wuce takardar kaɗan, yatsan yana rataye a iska.

"Nan ɗakin uwata yake," ta ce. "Kada ka motsa, ɗana. Bar shi haka tukuna."