Gabar Baffa Ilu da Tukunya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Baffa Ilu a wurin walima ya san ƙarar nan: garas, garas. Ana sauke farantan shinkafa da nama, kowa yana naɗe hannun riga, shi kuma sai ya tura hannu aljihun babbar rigarsa ya zaro karas, ya goge shi a gwiwa, ya yi bisimilla da ƙarfi don a ji. In mai gida ya matso masa da faranti, sai ya leƙa ciki ya girgiza kai.

"Allah ya jiƙanta," in ji shi.

"Wa ya rasu, Malam Ilu?"

"Shinkafar. Tun a tukunya ta cika. Ku dai ku ci, ni ba na cin gawa."

Haka zai sa mutum ya haɗiye lomarsa kamar ya yi laifi.

Baffa Ilu yayan mahaifina ne. A gidansa na tashi a Birnin Kudu, kuma shagon ɗinkina yana bakin layinsu, don haka babu abin da ya wuce ni. Malamin gona ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babur tsakanin Gwaram da Sara da Zandam, yana gaya wa mutanen da aka haifa a gona yadda ake noma. Da ya yi ritaya sai ya rasa wanda zai gyara wa kuskure. Ana cikin haka babban ɗansa ya aiko masa da waya mai faɗin fuska daga Kano. A cikinta ya ci karo da wani Bature marar riga, tsaye a lambu, yana rantsuwa cewa wuta ce ke kashe amfanin abinci. Baffa, wanda bai taɓa yarda da maganar mutumin da ke tsaye a gabansa ba, nan take ya yarda da wannan.

Ya tarar da matarsa, Inna Hansatu, tana tuƙa tuwo.

"Hajiya, daga yau a cire ni daga tukunya."

"Azumi za ka fara?"

"Ɗanye zan koma ci. Wuta ɓarauniya ce. Ita ke cinye abincin, ku a bar ku da toka."

Inna ba ta ko saki muciya ba. "Tun aurenmu kake cin tokar nan, Malam, har kana neman ƙanzo."

"Jahilci ne. Allah ya yafe mana."

"Ya yafe maka dai. Ni dafawa kawai nake yi."

Daga ranar abincinsa ya koma kabeji da gurji da tumatir da ɗanyar gyaɗa, sai ɗanyen zogale mai ɗacin nan da yake taunawa yana murmushin dole. Wata rana da magariba ya yanka kayansa a faranti, ya ajiye a tsakar gida ya tafi alwala. Kafin ya dawo akuyar Inna ta share farantin tas.

"Hajiya, akuyarki ta cinye min abincin dare."

"Kada ka ga laifinta, Malam. Ta duba ta ga nata ne. Gobe sai in riƙa fito muku da faranti biyu."

Bai tsaya a gida ba. A majalisarsu ta gindin dalbejiya ya buɗe wa'azi, har ya samu almajiri guda, Malam Hadi mai gyaran rediyo, wanda dama ba ya iya cewa a'a. Ba a daɗe ba Baffa ya kama shi a gaban mai tsire, baki duk ƙuli-ƙuli.

"Hadi, mene ne wannan?"

"Albasar nake ci, Malam. Ɗanya ce."

"Naman fa?"

"Rako ta ya yi."

Tun daga nan Baffa yake kiransa mai ridda.

Wanda mutanen Basirka ba za su manta ba shi ne ɗaurin auren ɗan ƙanwarsa. Baffa ne wakilin ango. Ya lura ƙarfinsa na raguwa, sai ya yanke wa kansa cewa wake ne maganin, ya jiƙa shi ya kwana, da safe ya cika cikinsa da shi ɗanye. Inna ta ce masa, "Malam, waken nan ko dafaffe sai an roƙe shi da kanwa." Ya ce ita ba ta yi karatun tsirrai ba.

Da damina ne, dawa ta kai ƙugu. Tare muka shiga bas. Ba mu gama fita gari ba na ji cikinsa yana magana kamar hadari na haɗuwa.

"Direba, ɗan tsaya."

Ya tattara babbar riga ya faɗa gonar mutane. Ya dawo, muka ɗan taɓa tafiya.

"Direba."

Kafin mu kai Gwaram direban ya daina jiran a kira shi, madubi kawai yake kallo, in ya ga Baffa ya dafe ƙofa sai ya taka birki. Wata tsohuwa mai kaji a baya ta ce a sauke shi ya taho da ƙafa, tunda dama rabin hanyar a ƙasa yake yinta. Baffa ya juyo, gumi na zuba, ya yi wa motar jawabi.

"Ku kwantar da hankalinku, ba ciwo ba ne. Dattin tsohon tuwo ne ke fita, na shekara da shekaru."

Direban ya ce, "Baba, tuwon da ya yi haƙurin shekara da shekaru, ya kasa haƙuri mu kai Basirka?"

Mun isa an shafa fatiha, an raba goro, wani ƙanin uban ango ya tsaya a madadinsa. Ƙanwar Baffa, uwar ango, ta fito tana faɗa, ta ce ya kunyata ta a gaban surukai. Baffa ya gyara hula.

"Ki bari sai kaka. Duk gonar da na tsaya a cikinta ki je ki ga zangarniyarta. Ni malamin gona ne, ko a hanya aiki nake."

Mun yi ta dariya a lokacin. Amma jikin mutum ba ya kallon bidiyo. Fatarsa ta bushe ta yi furu-furu kamar an birkiɗa shi a gari. Dugadugansa suka tsage. Ƙaiƙayi ya sa ya maida ginshiƙin zaure abin sosa baya. Abin da ya fi ba mu mamaki, ana tsakiyar bazara, kowa na neman inuwa da ruwan randa, shi yana sanye da safa a kan safa, ya miƙe ƙafafu a rana kamar ƙadangare, yana cewa yatsunsa sanyi suke ji.

Na ce, "Baffa, fatar nan taka fa zuba take yi."

"Saɓa nake yi, Sabi'u. Sabuwa na tafe."

Inna tana shara ta ce, "To ta yi sauri, don tsohuwar ta ƙare a kan tabarmata."

Wata rana bayan la'asar ina kan keken ɗinki na hango shi ya taho daga masallaci, takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayar babu, kuma duk inda ya taka sai ya bar jini. Na fito da gudu. Tsohuwar ƙusa ce ta shige masa dunduniya, yana ta tafiya a kanta.

"Baffa, ƙafarka."

Ya duba ƙasa. "Ta wa?"

Sai ya ga tasa ce. Ya sunkuya ya taɓa wurin, ya danna, bai ji komai ba. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Da na kai shi gida Inna ba ta yi zolaya ba. Mayafinta ta yafa, ta ce in nemo a-daidaita-sahu mu tafi asibiti.

"Hajiya, da ɗan ruwan lemon tsami..."

"Malam, ko ka shiga, ko in tara maka unguwa su ɗauke ka."

Ya shiga.

A asibiti wata likita ce ta duba shi, sa'ar 'yarsa ta tsakiya. Ta wanke ciwon, ta ja fatar idonsa ta leƙa, ta tsikari tafin ƙafarsa da allura, ta tura mu gwajin jini. Da sakamako ya fito ta tambaye shi abin da yake ci. Kuskurenta ke nan. Baffa ya gyara zama ya ɗauko karatu tun daga satar da wuta ke yi har zuwa lafiyar birai a daji. Ta bar shi ya gama.

"Baba, jininka ya yi ƙasa sosai, kuma jijiyoyin ƙafarka sun fara daina aiki. Ban ce ka bar ganye ba, yana da kyau. Amma jikinka na neman ƙwai da nono da nama da mai da dafaffen wake. In ka ƙi, ciwon nan ba zai haɗe ba. Zuwanka na gaba kuma ba zancen abinci za mu yi ba, zancen ƙafar za mu yi."

"Ke kin kalli bidiyon?"

"Shi mai bidiyon zai zo ya wanke maka ciwon?"

Baffa ya tattara rigarsa ya miƙe. Sai da muka fito ya ce min, "Yarinyar nan ba ta da ladabi. Amma hannunta da sauƙi."

Kada ku ɗauka ya ce ya tuba. Washegari ya tara mu a tsakar gida ya sanar da abin da ya kira gyaran tsari. Shi har yanzu ɗanye yake ci, in ji shi, ya dai zurfafa bincike ne.

Da kindirmo ya fara, wai bai ga wuta ba. Inna ta buɗe baki za ta gaya masa sai an tafasa madarar, na roƙe ta da ido ta rufe. Daga nan sai kilishi, wai rana ce ta busar da shi, rana kuwa ba wuta ba ce. Mai kilishin, mutum mai gaskiyar da ba a tambaye shi ba, ya ce, "Ai a ƙarshe ana ɗan nuna masa garwashi, Baba."

"Gaisawa suke yi. Wanda ka gaisa da shi a hanya ba a ce ka kwana gidansa ba."

Ƙwai kuwa ba dafa masa ake yi ba, wanka ake yi masa da ruwan zafi. Da ya ga sararin ya samu, sai ya gano cewa tuwo in ya huce sarai, wutar ta fita daga jikinsa, ya koma asalinsa. Inna ta riƙa ajiye masa malmala a bakin taga tana shan iska.

Wata safiya na shiga gaishe su, na tarar da shi gaban ɗumame yana tururi, miyar kuka da man shanu na malala, yana hura yatsu.

"Baffa, wannan fa? Har hayaƙi yake yi."

"Zauna in koya maka. Wutar jiya ta sace amfanin, ta yau ta ƙwato shi ta dawo da shi. Wuta biyu, ɗanye ke nan."

Inna ta leƙo daga madafi. "Gobe sai in ɗumama maka sau biyu, ya ƙara ɗanyewa."

"Kada ki kuskura, Hajiya. Uku dafaffe ne."

Ciwon ya haɗe. Kullum da safe Inna na zaunar da shi ta murza masa man kaɗanya tun daga gwiwa har yatsu, tana murzawa tana yi masa tas, shi kuma yana kallon sama kamar ba da shi ake ba. Fatarsa ta dawo, ya cire safa, ya koma jin tsakuwa a takalmi. Ya kuma koma majalisa yana shelar cewa ɗanyen abinci ne ya warkar da shi, likitar ma a wurinsa ta ƙaru. Har ya bar duniya bai ci dafaffe a gaban mutane ba. Sai ya wuni da yunwa a gidan biki yana raina wa mutane abincinsu, ya dawo gida tun daga zaure yana tambayar abin da ya huce.

Ya ƙara shekaru masu kyau bayan haka. Daminar bara zazzaɓi ya kwantar da shi, bai kuma tashi ba. Ranar da jikin ya yi nauyi ya sa aka kira ni daga shago. Na durƙusa kusa da shi, ya kama hannuna, muryarsa ta yi ƙasa.

"Sabi'u, ka kula da Hajiya. Na wahalar da ita, ta kuma riƙe ni. Amma kada ka gaya mata na faɗa, sai ta ɗauka na sauka daga ra'ayina."

Daga bayan labule Inna ta ce, "Na ji."

Ya lumshe ido. "Ba da ke nake ba."

Ta shigo ta zauna a bakin gadon, ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta, tana dariya hawaye na zuba. Bai kai la'asar ba.

Allah ya jiƙan Baffa Ilu, ya yafe masa taurin kansa, ya haskaka kabarinsa. Ita kuma Inna Hansatu, Allah ya ba ta haƙurin shirun da gidan ya yi.